Faɗan anime da manga: ina gaskiya ta tsaya, ina ƙarin gishiri ya fara?

Tun da Netflix ta saki Baki a 2018, ta biyo da Kengan Ashura a 2019, duka finafinan zane na Japan (anime) a kan faɗa, gardama ɗaya ke ta kai da komo tsakanin masu kallo. Wasu na cewa duk shifcin gizo ne, babu abin ɗauka a ciki. Wasu kuma na cewa a'a, waɗanda suka zana labaran nan sun san faɗa, wasunsu ma sun taɓa shiga fage, kuma dabarun da ake nunawa suna da suna da asali a duniya. Kowane ɓangare yana riƙe da hujja, shi ya sa gardamar ba ta mutuwa. Abin da ya hana su haɗuwa shi ne ba abu ɗaya suke nufi da "gaskiya" ba.

Kalmomin da ake cuɗawa

Manga shi ne labarin zane na Japan da ake bugawa a takarda, galibi babi-babi a mujallar mako. Anime kuwa zane ne mai motsi, kuma yawancin na faɗa daga manga aka ɗauko su. A cikinsu akwai gida biyu da bai kamata a auna su da mudu ɗaya ba. Na farko shi ne irin su Dragon Ball na Akira Toriyama, wanda ya fara fitowa a 1984, inda mutum ke tashi sama yana harba wuta daga tafin hannu. Wannan bai taɓa cewa shi gaskiya ba ne, babu kuma wanda ya ruɗe a kansa. Na biyu shi ne labaran da ke ɗaukar wasan faɗa na zahiri, kamar damben boksin, judo, karate, sumo ko gaurayen faɗa da ake kira MMA, su kira dabarunsa da sunayensu, su ambaci ƙa'idojinsa. A nan ruɗanin yake.

Idan aka ce irin wannan labari "na gaskiya ne", ana iya nufin dabarar da aka nuna tana nan kuma haka ake yin ta. Ana iya nufin abin da ya sami jikin wanda aka daka shi ne abin da zai sami jikin ɗan Adam. Ana kuma iya nufin wanda ya yi nasara a labarin shi ne zai yi nasara da an gwabza a fili. Labari guda yana iya cin jarrabawar farko da kyau ya faɗi ta biyu warwas, kuma yawancinsu haka suke.

Ruwa ba ya tsami banza

Cuɗanyar gaskiya da ƙari ta daɗe a wannan sana'a. Daga 1971 zuwa 1977 marubuci Ikki Kajiwara ya fitar da Karate Baka Ichidai, labarin rayuwar Mas Oyama, wanda ya kafa makarantar karate ta Kyokushin a 1964. Oyama yana raye a lokacin, kuma an gabatar da labarin kamar tarihi: ya shige dutse shi kaɗai yana atisaye, ya kara da bijimai da hannu yana karya musu ƙaho. Masu bincike sun daɗe suna shakkar yawan bijiman da yanayin da aka yi karawar, amma matasa sun yi ta tururuwa zuwa makarantun Kyokushin. Daga nan mawallafa suka gane cewa sunan mutum na zahiri yana sa mai karatu ya haɗiye abin da da ba zai haɗiya ba.

Baki a kan wannan turba ya taso. Keisuke Itagaki, wanda ya fara shi a 1991, tsohon soja ne a rundunar masu dira da laima ta Japan, ya yi damben boksin na waɗanda ba ƙwararru ba, ya kuma koyi salon faɗa na Shorinji Kempo. Da yawa daga jaruman labarinsa mutane ne sanannu da aka sauya wa suna: tsoho Shibukawa daga Gozo Shioda malamin salon faɗa na aikido aka ɗauko shi, Igari daga ɗan kokawa Antonio Inoki, Mount Toba daga Giant Baba. Itagaki ya san yadda gwiwar hannu ke karyewa, yana kuma zana tsoka da jijiya da ido irin na wanda ya taɓa shan duka. A cikin labarin nan dai wani ya tsayar da girgizar ƙasa da naushi ɗaya, aka kuma farfaɗo da mutumin da ya rayu tare da dabbobin farkon duniya. Duka biyun da murya ɗaya ake bayyana su, muryar malami mai kawo hujja, shi ya sa mai kallo ba ya jin inda aka tsallaka.

Kasuwa ma tana da hannu. Babin mako shafi ne kusan 20, kuma mujallu irin su Weekly Shonen Jump, wadda ta taɓa buga kwafi miliyan 6.53 a fitowa ɗaya a 1995, suna auna labarai da ƙuri'ar masu karatu. Wanda ya daɗe a ƙasan jeri ana yanke shi. Saboda haka dole kowane babi ya ƙare da abin da zai sa a sayi na gaba, dole abokin gaba na yau ya fi na jiya. Marubucin da ya fara da ɗan makaranta mai koyon naushi, bayan shekara goma sai ya tarar babu sauran ɗan Adam da zai iya tsayawa gaban jaruminsa.

Faɗan gaske kuma ba kullum yake da daɗin kallo ba, kuma Japanawa sun ga haka da idonsu. Ranar 26 ga Yuni 1976, a zauren Budokan na Tokyo, Muhammad Ali ya kara da Inoki. An ɗaure Inoki da ƙa'idojin da suka hana shi yawancin dabarunsa, sai ya kwanta rigingine yana shurin ƙafafun Ali har turmi 15. Naushi shida kacal Ali ya kai a duk karawar. Aka tashi canjaras, 'yan kallo suna jifa da shara, Ali kuma ya ƙare a asibiti jini ya daskare masa a ƙafa. Babu editan da zai karɓi wannan a matsayin babi.

Dabarar tana nan

A ma'auni na farko, masu kare waɗannan labarai sun fi gaskiya. Hajime no Ippo, wanda George Morikawa ke zanawa tun 1989, shi ne misalin da aka fi kawowa, kuma Morikawa yana da gidan horar da 'yan dambe nasa na kansa a Tokyo. Tsayuwar Ippo, ɗan boksin da shi ne jarumin labarin, hannaye biyu manne da kumatu yana kutsawa a duƙe, ita ce wadda mai horarwa Cus D'Amato ya koya wa Floyd Patterson da Mike Tyson. Naushin hagu mai kama da bulala na Mashiba, abokin hamayyar Ippo a labarin, daga ɗan boksin Thomas Hearns aka aro shi. Naushin hanta da Ippo ke kayar da mutane da shi yana aiki kamar yadda aka nuna: mutum yana cikin hayyacinsa, yana jin ƙirgen alƙali, amma ƙafafunsa sun ƙi tashi. Haka Bernard Hopkins ya gama da Oscar De La Hoya a turmi na tara a 2004.

Sai a duba dabarar da aka fi sanin Ippo da ita, wadda aka sa wa sunan Jack Dempsey, zakaran duniya na ajin masu nauyi daga 1919 zuwa 1926. Ɗan dambe yana duƙawa yana karkaɗa gangar jiki dama da hagu, kowane juyi ya taho da naushin gefe ɗauke da nauyin jiki duka. Dempsey ya yi wannan, Tyson ma ya yi irinsa. A zahiri juyi biyu ne ko uku, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan a fice ko a rungume. A anime kuwa ana jin ƙara kamar ta jirgin sama, kan Ippo yana zana alama a iska, abokin karawa yana tsaye yana shan naushi goma sha wani abu bai faɗi ba, alƙali kuma yana kallo. Motsin na gaske ne, tsawonsa da juriyar mai shansa su ne ƙari. Morikawa da kansa ya nuna raunin dabarar a labarin: tunda juyin yana da ƙa'ida, wanda ya iya lissafi zai ja baya taku ɗaya ya tare shi da naushi, kuma haka wani abokin karawarsa, Sawamura, ya yi wa Ippo. Wannan gyara ne irin na mai gidan dambe.

Batun lokaci ba duka ba ne ƙarya. Turmin boksin minti uku ne, amma a manga yana iya cin babi huɗu, ɗan dambe yana doguwar shawara da zuciyarsa tsakanin naushi da naushi. Hanya ce ta buɗe abin da jiki ke yankewa cikin ƙiftawar ido domin mai karatu ya gani. Tsayar da hoto cak a daidai lokacin bugu, wanda darakta Osamu Dezaki ya shahara da shi tun anime na Ashita no Joe a 1970, ya samo asali ne daga tsimin zane, daga baya ya zama ado.

Jiki magayi

A ma'auni na biyu ne ƙarin ya fi yawa, ya kuma fi haɗari, domin shi ne wanda mai kallo bai cika lura da shi ba. Jarumi yana faɗuwa sau uku, ya tuna mahaifiyarsa ko malaminsa, ya miƙe ya ci wasa. Sumewa daga naushi ba ragwanta ba ce da zuciya za ta iya ture ta. Bugu a haɓa yana juya kai da sauri, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙo, saƙon da ke zuwa ƙafafu ya yanke. Mai taurin rai da matsoraci duk faɗuwa ɗaya suke yi. Wanda ya miƙe da jiri ya ci gaba da shan duka kuwa shi ne ya fi kusa da zubar jini a cikin kai. Shi ya sa hukumomin dambe ke hana wanda aka sumar komawa fage na wata guda zuwa uku, gwargwadon ƙasa. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana ciwon tsofaffin 'yan dambe: rawar hannu, nauyin baki, tangaɗi kamar na mashayi, mantuwa.

Hannun mai bugu ma ba dutse ba ne. Labaran faɗan titi suna nuna yaro yana naushin kawuna biyar da hannu tsirara ya koma gida lafiya. Tyson yana riƙe da kambun duniya a 1988 lokacin da ya naushi ɗan dambe Mitch Green a wani titi na Harlem a New York, ya kuma tsaga ƙashin hannunsa na dama. Naɗin ƙyalle da safar dambe hannun mai naushi suka fi karewa, ba fuskar wanda ake nausa ba. Shaƙar wuya kuma, wadda a zane ake ɗaukar mintuna ana kokawa da ita ana magana, idan ta kama jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa tana sumar da mutum cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka.

Ba duk marubuta ne suka kauce wa wannan ba, kuma labarin da ya fi kowane tsayawa a kai yana cikin mafiya tsufa. A Ashita no Joe, wanda Kajiwara ya rubuta da wani sunan alƙalami, Tetsuya Chiba kuma ya zana daga 1968 zuwa 1973, abokin hamayyar jarumin, Rikiishi, ya fi shi girman jiki. Domin su haɗu a aji ɗaya sai ya rage nauyi zuwa kilo 53 da rabi ta hanyar hana kansa ci da sha. Akwai daren da ƙishirwa ta fi ƙarfinsa, ya fito yana bin famfunan gidan horon ɗaya bayan ɗaya, ya tarar duk an ɗaure su da waya. Aka miƙo masa kofin ruwan ɗumi, ya dube shi, ya zubar a ƙasa. Ya ci wasan a turmi na takwas, ya miƙa hannu su gaisa, ya faɗi, bai sake tashi ba. A watan Maris na 1970 ɗaruruwan masu karatu suka taru a zauren Kodansha, kamfanin da ke buga labarin, suka yi masa zaman makoki, mutumin da a takarda kawai ya rayu. Wani ɗan damben a labarin, Carlos Rivera, ya ƙare da irin ciwon da Martland ya bayyana. Shekaru da yawa bayan haka Morikawa ya bi wannan sawu: ya sa Ippo ya ajiye safa saboda fargabar alamun ciwon, ya koma mai taimaka wa wasu a gefen fage, duk da ƙorafin masu karatu da yawa.

Wane salo ne ya fi?

Tambayar da Baki da Kengan Ashura suka ginu a kanta ke nan, kuma duniya ta gwada amsa ta. Ranar 12 ga Nuwamba 1993 aka yi gasar gaurayen faɗa ta UFC ta farko a birnin Denver na Amurka, ba ajin nauyi, ƙa'idoji 'yan kaɗan. Karawar farko da aka nuna, tsakanin ɗan sumo Teila Tuli da Gerard Gordeau ɗan ƙasar Holan, daƙiƙa 26 ta ɗauka. Royce Gracie na Brazil, mai nauyin kilo 80 ko kusa da haka, ya ci mutum uku a dare ɗaya cikin kusan minti biyar jimilla, duk ta hanyar kayarwa ƙasa da sa mutum ya miƙa wuya. Japan ta ga nata a 1997, lokacin da Rickson Gracie ya murɗe hannun ɗan kokawa Nobuhiko Takada a Tokyo Dome.

Abin da shekarun da suka biyo baya suka nuna shi ne sunan salo bai kai yadda ake atisayensa muhimmanci ba. Jigoro Kano ya gane haka tun da ya kafa makarantar judo ta Kodokan a 1882: ya cire dabarun da ba za a iya gwada su da ƙarfi ba tare da nakasa abokin atisaye ba, ya bar waɗanda ɗalibai za su riƙa gwadawa a kan juna kullum, kowa yana turjiya da gaske. Boksin, kokawa, judo da damben Thailand duk suna da wannan. Salon da ɗalibi ke faɗuwa don malam ya taɓa shi ba shi da shi. A 2017, a birnin Chengdu na ƙasar Sin, ɗan MMA Xu Xiaodong ya kayar da wani malamin taici cikin ƙasa da rabin minti, abin ya zama babbar rigima a ƙasar. A gasar manga kuwa kowane salo sai an ba shi ranarsa, domin tsoho ƙanƙani da ke wurgi da ƙato ya fi daɗin karatu, kuma gasar da kowa ke faɗa iri ɗaya ba ta da labari. Taɓa wata jijiya ta ɓoye mutum ya sandare, wanda manga Hokuto no Ken ya yayata tun 1983, ba a taɓa ganin ya yi aiki a kan mai turjiya a gasa ba.

Akwai labaran da suka zaɓi tafiya a ƙasa. All Rounder Meguru na Hiroki Endo, daga 2008 zuwa 2016, yana bin ɗan makaranta a gasar gaurayen faɗa ta Shooto ta waɗanda ba ƙwararru ba, inda ake faɗuwa wasa da maki, ake gajiya, ake koyon abu ɗaya wata da watanni. Holyland na Kouji Mori ya dage a kan cewa kayen judo da ba ya komai a kan tabarma yana iya kisa a kan kwalta. Ba su kai Baki suna ba.

Matsayin ɓangarorin

Masu suka, waɗanda da yawansu masu horarwa ne, suna cewa matsalar ba wutar tafin hannu ba ce. Matsalar ita ce ƙarya ƙarama da aka jera kusa da gaskiya: cewa juriyar duka jarumta ce, cewa atisayen da ya wuce kima shi ne hanya, cewa bambancin kilo 30 dabara za ta shafe shi. Damben boksin na ƙwararru yana da aƙalla aji 17 na nauyi ne saboda kilo kaɗan ma yana sauya sakamako.

Masu karewa suna cewa labari ba littafin koyarwa ba ne, kuma abin da yake kamawa shi ne yadda faɗa ke ji daga ciki: tsoro kafin a shiga, kaɗaicin gudun asuba, girmamawar da ke shiga tsakanin mutum biyu da suka daki juna. Bahaushe ya san wannan daga dandalin dambe. Idan an kayar da mutum sai a ce an kashe shi, makaɗi kuma yana yi wa ɗan dambe kirarin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, amma babu wanda ke ɗaukarsa labarin rediyo. Bambancin shi ne mai jin kirari yana tsaye a dandalin, yana ganin yadda turmi ke ƙarewa da naushi ɗaya, yana ganin an ɗauki mutum ana yayyafa masa ruwa. Mai kallon anime a waya sau da yawa kirarin kaɗai ya samu.

Abin da ya shafi mai kallo

Tasirin alheri a bayyane yake. Yawara! na Naoki Urasawa, labarin yarinya 'yar judo da ya fara a 1986, ya zo daidai da tashen Ryoko Tamura, har Japanawa suka laƙaba mata sunan jarumar. Ta ci azurfa a gasar Olympics ta Barcelona a 1992 tana shekara 16, ta ci zinare a 2000 da 2004. Israel Adesanya, haifaffen Legas da ya riƙe kambun UFC, bai taɓa ɓoye son anime ba, har ya kwaikwayi tsayuwar wani jarumin anime na Naruto a karawarsa da Anderson Silva a 2019. Amma kafin ya shiga UFC ya riga ya yi fafatawa sama da 70 a damben hannu da ƙafa. Anime ya ba shi sha'awa da salon tsayuwa, fage ya ba shi sauran.

Haɗarin yana kan wanda ya tsallake wannan mataki. Yaran da ke gwada shaƙa a kan juna a tsakar gida ba su san daƙiƙa nawa ke tsakanin wasa da suma ba. Saurayin da ya koyi cewa miƙewa bayan jiri shi ne mazantaka zai ɓoye ciwon kai ga mai horar da shi. Iyayen da ɗansu ya nemi shiga irin wannan wasa suna da abubuwan dubawa: ko ana atisaye da kariyar kai da ta baki, ko ana haɗa yara daidai nauyinsu, ko malam yana tsayar da wanda ya sha bugu a ka, ko kuwa yana ce masa ya daure.

Ita kanta Japan tana kan wannan lissafi. Ranar 2 ga Agusta 2025, a zauren Korakuen na Tokyo, inda Ippo ya yi yawancin wasanninsa a labari, 'yan dambe biyu, Shigetoshi Kotari da Hiromasa Urakawa, kowanne ɗan shekara 28, sun samu zubar jini a ka a karawa daban-daban a dare ɗaya, kuma duka sun rasu cikin mako guda. Hukumar damben ƙasar ta rage wasannin kambun yankin Asiya da Pasifik da ake yi a Japan daga turmi 12 zuwa 10, aka kuma amince da gwajin fitsari domin gano wanda ya busar da jikinsa don ya cika sikeli, irin abin da Chiba ya zana wa Rikiishi shekara 55 kafin nan.